Takalman iyo: a tudu za a sa, ko a cikin ruwa?

A gaɓar Obhur, arewa da Jidda, masu nutso sun kasu biyu. Wasu kan sa takalman iyo (masu faɗi kamar ƙafar agwagwa) tun a tudu, su shiga da baya-baya. Dabarar wurin igiyar ruwa ce. A kwantaccen ruwa wahala ce kawai, ga tukunyar iskar numfashi da dalmar da ake ɗaurawa don nutso sun haura kilo 20, ba ka ganin inda kake takawa.

Ni na fi son ɗayar. Hura rigar iska (mai riƙe ka a saman ruwa), gilashi a fuska, bututun numfashi a baki, takalman a hannu. Ruwa na kaiwa ƙirji nauyi ya ragu, sai ka dafa kafaɗar abokin nutsonka ka sa su. Amma don Allah, ko da takalman iyo na hannu, kada ka shiga ƙafa tsirara, sa wani abin kare ƙafa: akwai murjani mai kaifi da kifin dutse mai dafi.