Lambar layi ko alama: wanne za a bi wajen janyo yankin fayil?

Ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau sun sha tambayata: in za a janyo wani yanki na fayil zuwa cikin rubutun AsciiDoc (wani tsarin rubuta takardu a kwamfuta), lambar layi za a bi ko alama?

Lambar layi ba wuya. Ka rubuta `include::kudi.py[lines=5..12]` don janyo layi na 5 zuwa na 12 daga fayil ɗin `kudi.py`, shi ke nan, ba ka taɓa ainihin fayil ɗin ba. Amma ranar da abokin aikinka ya ƙara layi biyu a sama, rubutunka zai kwaso abin da ba shi ba, Asciidoctor kuma, wato manhajar da ke sarrafa rubutun AsciiDoc, ba zai ce uffan ba.

Alama kuwa sai ka shiga fayil ɗin ka sa `# tag::haraji[]` a farkon yankin, `# end::haraji[]` a ƙarshensa, sannan ka kira shi da `[tag=haraji]`. Wasu na ƙorafin tana cika fayil da tarkace, ni dai ban ga laifinta ba. Duk gyaran da aka yi, yankin na nan daram, in ma an goge alamar za ka ga gargaɗi.

Wanda fayil ɗin ba nasa ba ne, ko ba ya canzawa, lambar layi ta ishe shi. Masu aikin haɗin gwiwa da ke gyara kullum, alama ta fi dacewa da su.