Ƙaramin famfon taya mai aiki da batirin mota: amfaninsa da inda ya gaza

Waɗannan ƙananan famfunan lantarki da ake jonawa a wurin kunna taba na mota sun cika shagunan kayan gyara. Galibinsu fasali ɗaya ne: akwatin roba, waya mai tsawon kamar mita 3, guntun tiyo mai bakin murɗawa, da gilashi mai nuna awon iska da lambobi. Hukuncinmu a kansu shi ne, mai ƙaramar mota ya saya ya ajiye a but, amma kada ya dogara da gejin da ke jikinsa, wato ma'aunin iskar, shi kaɗai.

Babban amfaninsa shi ne yana ba ka damar auna taya tana sanyi, wato motar ta yi aƙalla awa 3 a tsaye. Mai faci ba zai iya yi maka wannan ba, domin kafin ka isa wurinsa tayar ta ɗau zafi, awon ya hau da psi 4 ko fiye (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Idan ya sace iskar a lokacin don ta dawo 32, da safe za ka tarar da 28. Da yawan masu faci kuma 40 ko 45 suke bugawa kowace mota, wasu ma ƙwanƙwasa tayar kawai suke yi su ce ta yi.

Awon da ya dace yana kan takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wani lokaci a bayan murfin tankin mai. Ƙananan motoci irin su Corolla da Civic yawanci tsakanin 30 ne da 35. Lambar da ke gefen taya, 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke buƙata ba. In takardar da wani ma'aunin da ake kira bar aka rubuta, bar 1 daidai yake da psi 14.5, ke nan 2.2 ya kama 32.

Wajen aiki da shi, ka fara tayar da injin mota, don famfon na jan wuta kusan amfiya 10, yana iya kwantar da batir mai rauni. Ka cire hular bawul, ka murɗa bakin tiyo har ƙarar fitar iska ta ɗauke, ka saita lambar da kake so, zai tsaya da kansa idan ya kai. Ƙarin psi 4 ko 5 ba ya wuce minti biyu. Tayar da ta sace gaba ɗaya kuwa, mai girman 195/65R15, tana iya cin minti 8 zuwa 10.

A nan raunin yake fara bayyana. Silindarsa ƙarama ce, tana zafi da wuri, shi ya sa ake son a hutar da shi bayan kowane minti 10, in ba haka ba robar fistin ta lalace, ya riƙa ƙara ba ya tura iska. Fis ɗin wurin kunna taba ma yakan ƙone, don haka a ajiye wani mai lamba ɗaya da shi. Lambar da yake nunawa yana cikin aiki ta fi ta gaskiya, sai ya tsaya take sauka. Wajen kwance bakin tiyo kuma iska na ɗan gudu, saboda haka ka ɗora psi 1 a kan abin da kake so. Gejin masu arha yakan kauce da psi 2 ko 3, wannan ne dalilin da ya sa muke cewa a haɗa da geji na daban, a gwada su biyun a taya ɗaya. Ga bas mai ɗaukar lodi da babbar mota, wannan famfo bai isa ba sam.

Psi 5 ba abin rainawa ba ne. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwasa a kowane juyi, zafi ya taru a ciki, wayoyin su saki roba, kuma haka take fashewa a kan kwalta mai zafi cikin watan Afrilu a hanyar Kano zuwa Kaduna. Alamarta cinyewar gefe biyu da ƙarin shan mai. Wadda iska ta yi wa yawa kuma tsakiyarta ke cinyewa, riƙon birki ya ragu, rami ya yi mata ƙulu.

Ko lafiyayyar taya tana rage psi 1 zuwa 2 a wata, sanyin hunturu ma yana sauke kusan psi 1 a duk faɗuwar digiri 5 ko 6. A duba duk bayan mako biyu da kuma kafin doguwar tafiya. Wadda ta fi sauran saurin sacewa, a shafa ruwan sabulu a bakin bawul da gefen rim, kumfa zai nuna wurin. Kada a jira fitilar gargaɗi ta motocin da aka shigo da su daga Amurka, domin sai iska ta ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari take kamawa. Safaya ma a auna ta, siririyar nan ta wucin gadi psi 60 take so, kuma famfon zai sha wuya kafin ya kai ta can, sai an hutar da shi a tsakani.