Eboni ko katakon rini: wanne ya dace da aikinka?

Wanda ya taɓa riƙe gutsuren eboni na gaske ya san abin da ake ruɗuwa a kai. Baƙi ne wuluk har cikin zuciya, yana da nauyin da ke nutsar da shi a ruwa, in an goge shi kuma sai ya yi sheƙi ko ba a shafa masa komai ba. Ɗan gidan su kanya ne, wannan dai da muke shan 'ya'yanta, amma irin da masu kayan kiɗa ke rububinsa daga dazukan Kamaru da Gabon yake fitowa. Na Madagaska kuwa tun 2013 CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa wa cinikinsa takunkumi. Ga tsada, ga wahalar samu.

To ba tsadar ce kaɗai matsalarsa ba. Ga mai aikin ƙanana, irin samfurin jirgin ruwa ko na gini, ko adon akwati, eboni gardama gare shi. Ba ya son lanƙwasa, in ka matsa masa sai ya tsage. Yana dakushe zarto, gam ba ya kama shi da sauƙi, kuma garinsa kamar gawayi yake. Na taɓa lika siririn eboni a gefen farin katako, ina bi da sanfefa garin ya shige cikin farin, ya yi dishi-dishi, duk wankin da na yi a banza.

Shi ya sa Turawa tun da can suke rina itacen fiya irin ta ƙasarsu (pear, ba abokado ba) su sa a madadinsa. Sirrin zaɓin itacen shi ne ƙwayarsa: ya zama mai tauri, mai laushin fuska, wanda ba shi da manyan ramuka. Katako mai buɗaɗɗun ramuka ko ya yi baƙi ƙirin, ido zai gane shi daga nesa, musamman a ƙaramin abu. Obece kuwa, farin katakon nan mara nauyi, kar ma ka soma, farce ma lotsa shi yake.

Rinannen katakon da ke kasuwa iri biyu ne, kuma a nan kuɗin mutane ke salwanta. Akwai wanda aka tura wa rini da matsin inji har ya ratsa shi ciki da waje. Wannan kana iya yankawa da gogewa yadda ka ga dama, baƙinsa na nan. Akwai kuma wanda aka shafa wa a fuska kawai, wanda gogar farko za ta tona masa asiri. Kafin ka biya, ka ce wa mai kaya ya yanke maka ɗan bakinsa ka ga cikin. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Ka kuma goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a jikinsa, domin rinin da ya bi ƙyalle zai bi gam ya ɓata maka aiki.

Hanya ta uku ita ce ka rina da kanka, kuma ni ita na fi so, don ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Dukawa sun daɗe suna baƙanta fata da kuloko, ruwan ƙarfe da ke haɗuwa da sinadarin bagaruwar da aka jeme fatar da ita. Haka abin yake a katako. Jiƙa wayar goge tukunya ta ƙarfe a binega, wato ruwan khal, kwana uku zuwa mako guda, kar ka toshe murfin don iska na fita, sannan ka tace. Dafa bagaruwa, shafa ruwanta a katakon, bari ya sha iska, ka bi da ruwan ƙarfen. A gabanka zai juye baƙi. Sai dai baƙin bai da zurfi, don haka sai ka gama yanka da guga tukuna, kuma ka fara gwadawa a guntun da ba ka so.

In abin zai sha hannu kullum, kamar ƙotar wuƙa ko carbi, ka daure ka nemi eboni, don rinin fuska zai koɗe. In kuwa siraran da za ka lanƙwasa a jikin samfuri ne, ko adon da zai zauna a gilashi, wanda rini ya ratsa ya fi maka sauƙin aiki, canjin kuma ka sayi zarto mai ƙananan haƙora.