Bulok ɗin tsohuwar tarakta ya tsage: a ɗinke shi ko a canza?

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka kan Massey Ferguson 135 ɗinka da bulok, wato gangar jikin injin, ya tsage ta gefe ruwa na tsiyaya, bakanike ya ce a nemo wani bulok a canza, mai walda kuma ya ce kawo ya like maka. To bari in jera maka su gefe da gefe, amma tun farko ka sani ba girman tsagar ne zai yanke hukunci ba, wurin da take ne.

Ita wannan tarakta, da ire-irenta kamar MF 35 da Ferguson TE20 da Ford 8N, ba ta da shasi irin na mota. Injin da akwatin giya su ne ƙashin bayanta, gatarin gaba a jikin injin yake ɗaure, bayan injin kuma a jikin giya, kenan duk ramin da ka faɗa da duk nauyin garma da ka ɗaga ta cikin bulok ɗin nan yake bi. Shi ya sa tsagar da za a yi wa ido a injin janareta, a tarakta ba a wasa da ita.

Kafin ka kashe ko sisi a wanke wurin tas da kananzir, a goge fenti, a fesa jan ruwan nan na gano tsaga sannan farar hodarsa, za ka sha mamaki, tsagar da ido ke gani kamar tsawon yatsa sai ka ga jan layi ya ci gaba ya zagaya bayan famfon mai. Ka zaro sandar awon baƙin mai kuma, in man ya koma fari-fari mai kauri to ruwa ya riga ya shiga ciki, maganar ta canza.

Ɓangaren gyara hanya biyu ce kuma ba ɗaya suke ba ko kusa. Waldar da mutumin nan yake faɗa, in dai da sandar walda ta gama-gari zai yi a waje, wallahi kada ka yarda. Bulok ƙarfen zubi ne, kabon ɗinsa ya haura kashi 2 cikin ɗari, ba ya miƙewa sai dai ya karye, in aka zafafa wuri ɗaya sauran jikin na sanyi to yana hucewa gefen waldar zai yi tauri kamar gilashi, wani lokaci tun mai waldar bai ajiye kayansa ba za ka ji ƙas, sabuwar tsaga ta fito kusa da tsohuwar. Waldar da ake yi da gaske sai an kwance injin kaf, a gasa bulok ɗin gaba ɗaya ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Celsius, a yi aikin da zafinsa, a lulluɓe shi ya huce a hankali kwana guda ko fiye, bayan nan kuma a sake auna fuskarsa da layin metal, wato mazaunin da kiranshaf (babban sandan cikin injin) ke juyawa a kai, domin zafi yana murɗa shi. Akwai ta sandar nikel da ake yi kaɗan-kaɗan ana bubbugawa, tana iya riƙe ƙaramar tsaga a bangon waje, amma hannun gwani take so.

Ta biyun ita ce ɗinki, kuma ita na fi so. Babu wuta a ciki sam. Ana huda ƙarshen tsagar biyu don ta daina tafiya, a yanka gurabe a gicciye a buga makullan ƙarfe da za su riƙe gefe biyu, sannan a bi layin tsagar da ƙananan kusoshi masu zare, kowanne na cin gefen ɗan'uwansa har layin ya toshe, a goge ya daidaita. Kamar ɗinkin ƙwarya dai. An san hanyar da sunan Metalock, tun shekarun 1930 ake amfani da ita a manyan injina har na jiragen ruwa. Daɗinta shi ne in tsagar na bangon waje inda ruwa kawai ke bayansa, sau da yawa ba sai an raba taraktar ba, bulok bai murɗe ba, kiranshaf ɗinka da metal ɗinka na nan inda suka saba zama, lambar injin ta asali ma tana nan, wanda ga mai son tsohuwar tarakta abu ne mai daraja. Matsalarta samun wanda ya iya, kuma in tsatsa ta cinye bangon ya yi siriri zaren kusoshin ba zai sami abin kamawa ba. Gam ɗin nan mai haɗi biyu kuwa na ƙarasa aikin gona ne kawai, kada ka ɗauke shi gyara.

Canza bulok shi ne maganin da ba ka kwana da fargaba, amma mutane suna raina aikin da ke ciki. Sai an raba taraktar, a tallafe giya da katako mai ƙarfi, a cusa katako tsakanin gatarin gaba da mazauninsa don kada injin ya kife gefe, wannan kada a yi sakaci da shi don yana iya karya mutum. Sannan bulok ɗin da za ka samo na hannu ne, shekarunsa ɗaya da naka, an ƙera 135 ne daga 1964 zuwa shekarun 1970, wa ya san abin da shi ma ya gani? Dole a gwada shi da matsin ruwa ko iska kafin ka biya. Dole ya zo da murafun metal ɗinsa na asali, don tare aka huda su a masana'anta, in ka ɗora murafun tsohon bulok a kansa kiranshaf zai ɗaure ko ya cinye metal cikin ɗan lokaci, sai dai a sake huda layin gaba ɗaya. Kuma ka duba lamba da kyau, injin Perkins mai silinda 3 na MF 35 wato A3.152 da na 135 wato AD3.152 sun yi kama sosai a ido amma yadda suke fesa mai daban ne, fistin da kan silinda ba ɗaya ba. Tunda an buɗe kuwa ba wanda zai mayar da tsohon ringi da silif da gaskit, kenan ka shiga cikakken gyaran inji, har tsayin fistin a saman bulok sai an auna, in ba haka ba ka samu inji mai wuyar tashi da hayaƙi. Wani lokaci ma sayen cikakken inji da ka ji ƙararsa da kunnenka ya fi sauƙi.

To ga inda na tsaya. In tsagar a bangon waje take, ba ta taɓa ramin noti ba, mai bai haɗu da ruwa ba, ka nemi mai ɗinki. In ta gangara wajen mazaunin metal, ko ta ratsa tsakanin silinda biyu, ko ta kai ramukan notin da ke ɗaure kan silinda ko giya ko gatarin gaba, kada ka wahalar da kanka, canza.

Kowanne ka zaɓa ka gano abin da ya tsaga shi. A ƙasashe masu sanyi ruwa ne ke daskarewa ya ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari ya fasa bangon, inda ake zafi kuma yawanci inji ne ya tafasa aka kwarara masa ruwan sanyi nan take. A duba lagireto da famfon ruwa da bel ɗin fanka kafin a tada injin, kuma ka turo hoton wurin bayan an wanke mu ga inda jan layin ya tsaya.