Dickens, Dostoyevsky ko Zola: wanne za ka fara saya?

Idan kuɗin littafi ɗaya ne a aljihunka, kuma kana neman labarin da zai nuna maka yadda talaucin birni ke cinye mutuncin mutum, ga yadda nake auna waɗannan ukun.

Oliver Twist na Charles Dickens, wanda ya fito a 1838, ya fi sauƙin samu da sauƙin karantawa. Za ka ga gidan gajiyayyu da dokar Ingila ta 1834 ta tsananta, ka ga Fagin yana koya wa yaran Landan yankan aljihu. Inda ban gamsu ba shi ne, duk wuyar da Oliver ya sha halinsa bai ko girgiza ba, sai ka ce nagarta a jini take. Ya dace da ɗan sakandare.

Crime and Punishment na Dostoyevsky, 1866, ya fi nauyi. Ɗalibi Raskolnikov ya kashe tsohuwa mai karɓar jingina da gatari, Sonya kuma ta shiga karuwanci don yaran gidansu su ci. Sai dai abin da ya fi damun marubucin shi ne girman kai da tuba, talaucin yana gefe.

Ni L'Assommoir na Émile Zola, 1877, zan ce ka saya. Gervaise mai wanki da guga ce a unguwar Goutte d'Or ta Paris, mace mai neman na kanta. Mijinta Coupeau ya faɗo daga rufin da yake aiki a kai, jinya ta lashe abin da ta tara, shi kuma ya warke ya kama giya. Daga nan abu ya riƙa lalacewa kaɗan-kaɗan: bashin mai gawayi, kayan ɗaki suna tafiya jingina, kunya tana raguwa, har ita ma ta fara kurɓa. Ba ranar da za ka nuna ka ce a nan ta ɓaci, kuma wannan ne ya sa littafin ke da ciwo.

Ka duba fassara kafin ka biya. An ɗaure Henry Vizetelly, wani mai buga littattafai a Landan, a 1889 saboda buga Zola da Turanci, don haka tsofaffin bugu da yawa an tace su. Nemi sabuwar fassara cikakkiya. Mutanen Nijar masu jin Faransanci kuwa, ku sayi na asali, ko da yake karin maganar 'yan ƙwadagon Paris zai ɗan wahalar da ku a farko.