Fakin manifol ɗin salansa: duba fuskar ƙarfen kafin ka je shago

In ka tayar da mota da asuba ka ji "tik-tik-tik" daga gefen inji, da ta ɗau zafi kuma ƙarar ta lafa, yawanci faki ne ya fara sakin hayaƙi, wato fallen da ke toshe tsakanin kan inji da manifol, ƙarfen da ke tara hayaƙin inji ya kai salansa. Zafi ke buɗa ƙarfen ya toshe kafar. Leƙa wurin, za ka ga shatin baƙi. A motoci masu na'urar auna iskar oksijin, irin su Corolla da Camry, iskar da ke kutsawa ta kafar na ruɗa na'urar, motar ta ƙara shan mai.

Kafin ka sayi komai, ka sa makanike ya kwance manifol ɗin ya ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko fuskarsa ta karkace. Abin da kuka gani shi zai zaɓa maka faki.

In fuskar sumul take, ɗauki na ƙarfe mai falle-falle, irin wanda yawancin motocin zamani ke fitowa da shi. Yana jure wuta, ya fi daɗewa, kuma ni shi nake zaɓa wa mai zirga-zirgar Sakkwato zuwa Illela ko Gusau da lodi a zafin Afrilu. Aibinsa ɗaya: ba ya rufa wa karkataccen ƙarfe asiri. Elring da Victor Reinz na yin masu kyau, amma kwali ba shaida ba ne, jabu ma na shiga kwali. Ɗauki tsohon ka je da shi, a gwada rami da rami.

In akwai 'yar karkata ko tsatsa ta ci fuskar, na girafait (irin baƙin cikin fensir) ya fi, don yana da taushi, yana cike gurbi. Sai dai da noti ya saki, hayaƙi zai cinye shi. Karkatar in ta yi yawa, a kai a goge fuskar tukuna. Na tagulla kuwa ka bar wa masu motar tsere.

Wanda ya ce "Alhaji, mu shafa jan gam kawai", ka ce masa a'a. Da ƙyar gam ɗin ke jure digiri 350, hayaƙin wurin kuwa yana wuce 600.

Ka haɗa da sababbin notoci. A ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, sannu a hankali, bayan 'yan kwanaki ka koma a sake ɗaure su inji na sanyi.