Wata shida da TP-Link UH720 a kan teburin aikina

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki, kuma kwamfutar da nake tace aiki da ita ramin USB biyu kacal gare ta. Duk ranar Lahadi da daddare idan na dawo daga dina, abin da ke jirana shi ne had-disk uku, na'urar karanta memorin kyamara, maus, da filas ɗin da dangin amarya za su aiko a karɓa da sassafe. Ciro wannan, soka wancan, haka na yi shekara biyu ina fama.

Da farko na sayi ɗan ƙaramin hob, wato na'urar da ke mayar da ramin USB ɗaya ya zama da yawa, mai baki huɗu, irin wanda ba shi da caja. Maus da filas lafiya lau. Ina soka had-disk na biyu sai na ji yana ƙas, ƙas, ƙas, fitilarsa na kyaftawa, can sai na farkon ma ya ɓace daga allo, alhali ina tsakiyar kwafe bidiyon kamu. Na ɗauka had-disk ɗin ne ya mutu, har cikina ya ɗuri ruwa. Wani mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ya karɓa ya gwada a tasa kwamfutar, ya ce, "Malam, lafiyarsa ƙalau, yunwar wuta ce kawai." Ramin USB 3.0 irin na kwamfutata wutar miliamfiya 900 yake bayarwa a ka'ida, kuma had-disk mai juyawa shi kaɗai kan lashe kusan duka a lokacin da yake tashi. Ni kuwa na haɗa masa kishiyoyi a kan tukunya ɗaya.

Shi ya sa na koma babban hob, TP-Link UH720. Baki bakwai ne na USB 3.0, da wasu biyu na cajin waya zalla masu amfiya 2.4, sannan yana da cajarsa da ake sokawa a bango. Wannan cajar ita ce duk sirrin. Na jera had-disk ukun da na'urar memori a lokaci guda, babu wanda ya yi ko tari. Bidiyon biki mai gigabayit 200 yana shiga had-disk cikin kamar rabin awa, kuma ina iya tura kwafi biyu tare, in tafi in ci tuwo in dawo.

Sai dai kada mutum ya zaci baki bakwai hanya bakwai ce. Dukkansu ta waya ɗaya suke shiga kwamfuta, gigabit 5 a daƙiƙa suke rabawa. Had-disk masu juyawa ba su damu ba, don dama gudunsu bai kai nan ba. Amma da na ari SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri wadda ba ta juyawa, wurin abokina, sai na ga hob ɗin ya riƙe masa wuya, dole na ba shi ɗayan ramin kwamfutar shi kaɗai.

Maus mara waya ma ya ɗan ba ni ciwon kai, yana tafiya yana tsalle. Ashe USB 3.0 na yi wa siginar 2.4GHz da maus ɗin ke aiki da ita kutse idan suka kusanci juna. Na sa ɗan kan maus ɗin da ake sokawa a USB a wata gajeriyar wayar ƙari na nisanta shi da had-disk, shi ke nan.

Abin da ya fi muhimmanci a wurinmu shi ne wuta. Batirin kwamfuta zai riƙe ta idan an ɗauke, amma had-disk ɗin da ke cin wutar bango faɗuwa za su yi nan take, kuma fayil ɗin da ke kan hanya ya lalace. Sau ɗaya ya same ni, Allah Ya taimake ni ban goge memorin kyamarar ba tukuna. Tun daga ranar, cajar hob ɗin a kan inbata take, ba na yarda da soket ɗin bango ko da rana tsaka.

Mai maus da filas kawai bai buƙatar wannan, ƙaramin ya ishe shi, ga shi ba ya cin wuri a jaka. Nawa dai baki biyu suka rage babu kowa, kuma ƙanina ya riga ya mallake ramukan cajin da wayoyinsa.